Ɗana, Ba Kowane Maganin Ciki Ne Na Wanki Ba

Ɗana, matso kusa, akwai maganar da nake so mu yi wadda ba a yin ta a majalisa. Na san irin tarbiyyar da aka yi maka. Za ka iya gaya wa abokinka kana zazzaɓi, ko haƙori ya hana ka barci, amma bakinka ba zai iya furta cewa yau kwana huɗu rabonka da zagawa ba. Kunya ado ce, ban ce ka yar da ita ba. Sai dai ina ganin samari ƙarfafa da suka baro Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi suka zo Ikko neman halal, suna dako a ƙarƙashin gadar Oshodi, suna gadi a Mafoluku, suna tura baro a kasuwar Arena, alhali abin da ke cin su a ɓoye shi ne taurin bayan gida. Mutum ya shiga kewaye ya yi ta nishi har jijiyar wuya ta tashi, ya fito jiƙe da gumi, abin da ya samu bai wuce 'yan ƙwarori busassu irin na awaki ba, wani lokacin da ɗigon jini. Daga nan sai ya nufi mai lasifika a bakin tasha.

Kafin mu je ga magani, ka fara sanin abin da ke faruwa a cikinka. Abincin da ka ci, bayan ya bar tumbi ya ratsa ƙaramin hanji, yana shiga babban hanji ne a ruwa-ruwa. Tsawon babban hanjin nan ya kai kimanin mita 1.5, kuma kullum yana karɓar abin da ya kai lita 1 zuwa 1.5 na wannan ruwa. Aikin da Allah Ya ɗora masa shi ne ya tsotse ruwan ya mayar wa jiki, ya bar ɗan kaɗan wanda zai sa abin da ya rage ya fita cikin sauƙi. Bayan gidan mai lafiya kusan uku bisa huɗunsa ruwa ne. To hanji ba ya daina tsotsa. Muddin abin yana zaune a ciki, ruwansa na ci gaba da raguwa. Wanda ya kwana ɗaya da wanda ya kwana huɗu ba ɗaya ba ne. Ka riƙe wannan da kyau, domin duk sauran maganar a kansa take.

Kuma kada wani ya tsorata ka da cewa dole sai kullum. Likitoci sun yarda cewa daga sau 3 a yini har zuwa sau 3 a mako duk lafiya ce, in dai abin yana fita da laushi ba tare da wahala ba. Matsalar ita ce tauri, da yunƙuri mai tsanani, da jin cewa ba ka gama ba.

Yanzu dubi yininka. Ka fito daga Agege da duku-duku, ka shiga jirgin ƙasa ko BRT ko danfo, ka sauka Oshodi. Karyawarka shayi ne da burodin Agege, farar fulawa da aka cire wa dusa gaba ɗaya. Hanjinka ya motsa bayan ka ci, kamar yadda aka halicce shi ya yi, ya kira ka. Amma gidan wanka da nisa, ga layi, ga kuɗin shiga, ga wanda zai tsare maka kaya babu. Sai ka ce bari anjima. Kiran ya lafa, abin ya koma ya zauna, hanji ya ci gaba da tsotse shi. Da rana kana ta zuba gumi a zafin Ikko mai ɗanko, amma kana rage shan ruwa da gangan saboda kada fitsari ya matsa ka a cikin gosulo. Da dare indomi da ƙwai, ko farar shinkafa, ko garin kwaki. Gobe ma haka. Direbobinmu da yaran mota masu sauke shanu a Oko-Oba da masu kawo tumatir da albasa Mile 12, nasu ya fi muni, domin sukan kwana su yini a kan hanya suna ƙin ci suna ƙin sha don gudun tsayawa. A gida kuwa tuwon dawa kake ci da miyar kuka ko kuɓewa, ga fura, ga kunun tsamiya, ga kwaɗon zogale da rama, ga daji ko masai a bayan ɗaki. Cikinka bai lalace ba, ɗana. Abin da kake ba shi ne ya canza, da lokacin da kake amsa masa.

Wani ma yakan riƙe don kada alwalarsa ta karye. Malamanmu sun karantar da mu cewa ba a so mutum ya tsaya salla yana fama da matsuwa. Je ka sauke, ka sake alwala, ka yi sallarka da natsuwa.

To, mu zo ga magungunan. Wanda ake kira mai tausasa bayan gida na ainihi shi ne wanda za ka ga an rubuta Docusate a jikin kwalinsa. Aikinsa irin na sabulu ne. Ka ɗauki kwanon da aka ci miyar manja ka zuba masa ruwa zalla, za ka ga ruwan yana zamewa ta kan maiƙon, ba ya kama shi. Ɗiga sabulu kaɗan, nan take ruwa da mai su haɗu. Bayan gidan da ya bushe ya dunƙule haka yake, ruwan da ke cikin hanji yana wucewa ta gefensa ba ya ratsa shi. Wannan magani shi ke sa ruwa da maiƙo su samu hanyar kutsawa cikin dunƙulen, ya jiƙa, ya yi laushi. Iyakar aikinsa ke nan. Ba ya tura komai, ba ya murɗa ciki, ba ya sa ka gudu. Shi ya sa ba ya aiki a daren da ka sha shi. Yakan ɗauki kwana 1 zuwa 3. Kuma tunda da ruwa yake aiki, in ka haɗiye shi ka ci gaba da ƙin shan ruwa, ka yi asarar kuɗinka. (Kada ka ji na ambaci sabulu ka ce za ka jiƙa na wanki ka sha ko ka ɗura wa yaro ta ƙasa. Wannan ƙona hanji yake yi, kuma an sha kai yara asibiti a kansa.)

A nan ne mutanenmu ke yin kuskuren da ya fi damuna. Mutum ya sha da dare, gari ya waye bai ga komai ba, sai ya ce maganin jabu ne ko ba shi da ƙarfi. Ya ninka, ko ya watsar ya koma wa mai sayar da jiƙo a jarka. Mun saba auna ƙarfin magani da irin wahalar da ya ba mu. In bai murɗa ciki ba, in bai kai mutum kewaye sau bakwai har ƙafafunsa na rawa ba, a wurinmu bai yi aiki ba. Wannan fahimta ta kwantar da mutane da yawa.

Wa ya fi dacewa da mai tausasawa? Wanda yunƙuri zai cutar da shi. Wanda aka yi wa aikin basir ko na gwaiwa, mace mai jego da aka yi wa ɗinki, mai ciwon zuciya ko hawan jini wanda nishi mai ƙarfi ke iya jefa shi cikin hatsari, da wanda duburarsa ta tsage har yana jin kamar ana yanka shi da reza in zai zaga. Wannan na ƙarshen ka lura da shi: zafi na sa shi ya riƙe, riƙewa na ƙara tauri, tauri na sake buɗe tsagar. Ba abin da ke warware wannan sai bayan gida ya yi laushi na makonni har wurin ya warke.

Zan gaya maka gaskiyar da mai sayarwa ba zai gaya maka ba. Shi Docusate ɗin ba gwarzo ba ne. Wani bincike da aka yi a Amurka a 1998 ya gwada shi da garin ɓawon irin isfagula, wanda ake nomawa a Indiya, sai aka ga garin ɓawon ya fi shi ƙara wa bayan gida ruwa. Wani kuma a Kanada a 2013, a kan majinyata masu ciwon ajali, ya nuna cewa ƙara shi a kan maganin filasko bai ƙara komai ba. Saboda haka ya fi amfani wajen hana tauri tun bai zo ba, ko wajen matsala ƙarama. Wanda ya kwana shida abin ya zama dutse a bakin hanya, wannan ba zai fitar da shi ba.

Wanda za ka fi saurin samu a kemis ɗin unguwa shi ne laktulos, wani ruwa mai zaƙi da kauri, wanda wasu suka fi sani da sunan Duphalac. Shi hanyarsa daban. Sukari ne da aka sarrafa daga na madara ta yadda jikin ɗan Adam ba ya iya narkar da shi, sai ya wuce yadda yake har babban hanji. A can ƙananan halittun da ke zaune a hanji su farfasa shi, shi kuma ya riƙa janyo ruwa zuwa cikin hanjin yana riƙe shi. Bayan gida ya jiƙa ya ƙara yawa, hanji ya ji nauyi ya tura da kansa. Shi ma yakan kai kwana 2 kafin ka ga aikinsa, kuma a kwanakin farko za ka ji kumburi da yawan iska. Ba alamar cuta ba ce, yakan lafa. Likitoci sukan rubuta wa masu juna biyu da tsofaffi shi. Mai ciwon sukari dai ya sanar da likita kafin ya fara.

Sai man farafin na sha, wanda iyayenmu suka daɗe da sani. Shi shafe bayan gida yake yi da santsi ya hana ruwansa tsotsuwa. Yana aiki, amma ina jin tsoronsa. In mutum ya sha ya kwanta, ko tsoho ne mai sarƙewa, ko ƙaramin yaro, ɗigonsa na iya zarcewa huhu, kuma huhu ba ya iya fitar da shi. In aka daɗe ana sha, yana hana jiki ɗaukar bitamin A da D da E da K. Kuma ko da wasa kada ka haɗa shi da Docusate, domin Docusate ɗin zai buɗe wa man hanya ya shiga jiki, wurin da bai kamata ya je ba. Akwai kuma giliserin na matsawa ta ƙasa, wanda ke aiki cikin kamar rabin awa, ga wanda abin ya zo bakin ƙofa ya tsaya.

Duk waɗannan dangin lallashi ne. Akwai dangin bulala: filasko, da man zurma, da ƙwayar nan ƙarama da aka fi sani da Dulcolax. Su tsokanar jijiyoyin bangon hanji suke yi ya matse da ƙarfi ya turo abin da ke ciki, yawanci cikin awa 6 zuwa 12. Ban ce haramun ne ba. Suna da ranarsu, likita na rubuta su, kuma na kwana biyu-uku ba sa cutar da mai lafiya. Ƙwayar Dulcolax dai ba a tauna ta, ba a kuma shan ta da madara ko maganin gyambon ciki, don an yi mata riga ne kada ta narke sai ta wuce tumbi. Man zurma kuwa mai juna biyu ta nisance shi, yana iya tayar da naƙuda.

Abin da nake so ka gane shi ne tarkon da ke cikin wankin ciki. Ka sayi jiƙo a gora a bakin tashar Oshodi, namu na masu maganin basir ko agbo jedi-jedi na maƙwabtanmu Yarbawa. Ba ka san abin da ke ciki ba, ba ka san yawansa ba, wanda ya haɗa shi ma da ido ya auna. Ka sha, ka yi ta gudu har ka ga wani abu mai yauƙi fari-fari ya fita, mai magani ya ce maka ka ga dattin da kitsen basir ɗin nan ya fito. Ba datti ba ne, ɗana. Majinar da bangon hanjinka ke kare kansa da ita ce, ya zubar saboda an ƙona shi. Tare da ita ka zubar da ruwa da gishirin jiki, har da sinadarin fotashiyam wanda zuciya da tsoka ke aiki da shi, shi ya sa washegari buhun da ka saba ɗauka yake gagarar ka. Sannan ga babban abin: ka kwashe duk abin da ke cikin hanji mai tsawon mita ɗaya da rabi. Kafin ya sake cika ya kira ka, sai an kwana biyu ko uku. Kai kuma da ka ga shiru sai ka ce ciwon ya dawo, ka koma ka sake saye. Haka mutum zai shekara yana wanke cikin da ba abin da ya same shi, yana ramewa, yana cewa basir ne ya ci shi. Ban raina maganin gargajiya ba, filasko kansa daga wurin masu tsirrai likitoci suka karɓe shi suka auna. Aunawar nan ce ta bambanta. Hukumar NAFDAC tana da ɗakin gwaji a nan Oshodi, kusa da kai. In za ka sayi na kwalba, duba lambarta da ranar lalacewa, kuma ka sani cewa lambar da take ba maganin gargajiya shaida ce ta cewa an duba ba guba ba ne, ba shaidar yana warkar da cututtuka ashirin ɗin da aka jera a jikinsa ba.

Akwai wata magana mai nauyi da ba zan tsallake ba. In kana shan tiramadol don ka jure dako, ko kodin, to kada ka nemi dalili a wani wuri. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin tun 2018, amma ni da kai mun san bai ɓace daga unguwanni ba. Waɗannan ƙwayoyi kwantar da motsin hanji suke yi, abinci ya daɗe a ciki ya bushe ƙamas. Jiki kan saba da mayensu har ya nemi ƙari, amma hanji ba ya sabawa. Mai tausasawa shi kaɗai ba ya iya wa wannan. Maganinsa na gaskiya a rabu da ƙwayar, kuma in ta kama ka har ba ka iya bari, wannan ma ciwo ne da ake zuwa asibiti dominsa, ba abin da za a yi ta zagin ka a kai ba ne.

Abin da zan roƙe ka ba shi da tsada. Ledar fiya wata ɗaya rabin lita ce. Mai zaman inuwa yana bukatar kamar huɗu a yini, kai mai aikin ƙarfi a rana ka fi haka. Duba fitsarinka: in ya yi ja kamar shayi, ruwanka bai isa ba. Lemon kwalba ba ya maye gurbinsa. In burodi za ka ci, haɗa shi da wake, ga masu ewa agoyin nan ko'ina da safe. Miyar ewedu da kake gani a buka lalonmu ce, ka ci. Kuɓewa, kuka, alayyafo, gwanda, kankana, lemon zaƙi da za ka cinye har da zarensa maimakon ka tsotse ka yar, dabino, masara dafaffiya, gyaɗa, aya. Da yawansu 'yan uwanka ne ke kawo su Ikko, suna sayar wa wasu, su kuma su kwana a kan indomi. Ka ƙara su a hankali, kada ka tashi rana ɗaya ka cika ciki da wake ka ce ya kumbura ka. Ka tashi da wuri kaɗan yadda za ka karya ka zaga tun kana gida, domin bayan cin safe ne hanji ya fi motsi. Masai na tsuguno ya fi na zama miƙar da hanya. In na zama gare ku, sa ɗan dutse ko kujera 'yar tsuguno ka ɗora ƙafa. Kada ka shiga da waya ka zauna, kada ka yi ta yunƙuri. In bai zo ba cikin 'yan mintoci, tashi, zai sake kira. Da azumi kuma ka raba shan ruwanka tsakanin buɗa-baki da sahur.

Ka kula da iyalinka ma, don ita ta fi ka jin nauyin faɗa. Juna biyu na rage motsin hanji, maganin ƙarin jini da ake ba ta a awo yana ƙara tauri yana kuma baƙanta bayan gida. Kada ta daina shan sa a ɓoye, ta gaya wa ma'aikaciyar awo a ba ta abin da zai sauƙaƙa. Jaririn da ke shan nono zalla yana iya kwanaki bai yi ba, kuma lafiyarsa ƙalau in dai cikinsa da laushi yana shan nono, kada a ɗura masa jiƙo. Amma wanda aka haifa ya kwana biyu bai yi baƙin kashin farko ba, a mayar da shi asibiti. Tsoho kuma da ya daɗe bai zaga ba sai aka ga ruwa-ruwa na zubo masa a wando, sau da yawa ba gudawa ba ce. Dunƙule ne ya toshe hanya, ruwa ke bi ta gefensa. In aka ba shi maganin tsayar da gudawa an ƙara masa ciwo.

Kowane irin maganin nan ka saya da kanka, kada ka wuce mako guda kana sha ba tare da likita ya gan ka ba. Kuma ka daina kiran kowane jini basir. Wannan kalma ta rufe cututtuka da yawa a cikinmu har lokaci ya ƙure. Sankarar hanji tana nan a ƙasar nan, tana kama har waɗanda ba su kai hamsin ba, kuma yawanci ba a kai ta asibiti sai ta yi nisa, bayan an shekara ana shan sassaƙe. In ka ga jini gauraye da bayan gida, ko bayan gida baƙi ƙirin mai ɗanko alhali ba ka shan maganin ƙarin jini, ko kana ramewa ba dalili, ko yadda ka saba zagawa ya canza makonni bai koma ba, ko abin yana fita siriri, ko yau tauri gobe gudawa, to ba kemis za ka ba. Ga babban asibitin Isolo, ga na Orile-Agege, ga LASUTH a Ikeja, ga LUTH a Idi-Araba cikin 'yan uwanka. Likita zai sa safar hannu ya duba ka da yatsa. Na san abin da zuciyarka ke faɗa, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma kana da damar ka nemi namiji ya duba ka. Ka gaya masa duk abin da ka sha, har da na gora, har da ƙwayar da kake ɓoyewa.

Idan kuma wani a ɗakinku cikinsa ya kumbura ya yi tauri, yana murɗawa, yana amai, ko iska ba ta fita, musamman mai gwaiwar da ta fito ta ƙi komawa, kada wanda ya ba shi filasko ko farafin ko wani mai tausasawa. Hanji ne mai yiwuwa ya toshe ko ya shaƙe, kuma maganin turawa na iya fasa shi. Kada a ba shi abinci, kada a jira gari ya waye ko a ce sai an kira gida an yi shawara. Ku haɗa kuɗin mota a daren ku kai shi sashen gaggawa.